Babi na Biyar: Baƙo da Kuɗinsa Tsakanin Wapa da Bata

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko ya shigo da mota ta hanyar Katsina, ko ta Zariya, ko ta Haɗeja, in dai sayayya ce ta kawo shi, da wuya ya koma gida ƙafarsa ba ta taka ƙaramar hukumar Fagge ba. A nan Kantin Kwari yake, a nan Wapa take, a nan Singa da Galadima da 'Yankura da babbar kasuwar Sabon Gari suke, kusan kowace tana jingine da 'yar'uwarta. Mai ƙarfin ƙafa zai iya zagaye su duka tsakanin hantsi da azahar in da cunkoso zai bar shi, sai dai ba ya bari.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni da ke cikin ganuwa. Kasuwar birni ta asali ita ce Kurmi, wadda ake jingina kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe can ake zuwa neman kayan fata da linzami da tandu da jan ƙarfe da littattafan addini. Fagge kuwa tun can zango ce a bayan badala, inda ayarin Buzaye da sauran fataken arewa suke durƙusar da raƙuma su sauke kaya. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka bar wa Sarki birninsa, suka yi nasu mazaunin ta gabas. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a shekarar da ta biyo baya, kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa kantuna kusa da tasha, Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka samu filaye a Fagge ta Kudu. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka taso daga kudu, har da mutanen Saliyo da na ƙasar Gana ta yanzu. Ke nan baƙi ne suka tayar da wannan yanki, kuma har yau don baƙo ake ɗaga ƙofofinsa kowace safiya. Bakano yana sayen turmi ɗaya ko biyu. Mai sayen dila ashirin daga Maiduguri yake, ko Damagaram, ko Garwa, ko Njamena.

Manyan biranen ciniki na duniya duk sun yi tarayya a abu guda, wato kowane kaya da unguwarsa. A Tokyo ta ƙasar Japan, mai neman kayan lantarki Akihabara zai nufa, mai neman kayan alfarma ya tafi Ginza, tela ya tafi Nippori inda kantunan yadi suka yi jeri, mai neman araha kuma ya shiga Ameyoko, kasuwar da ta faro da cinikin bayan fage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Osaka ma dilolin yadi unguwarsu guda, ita ce Senba. Ta wannan fuska Kano ba ta da bambanci da su. Inda aka rabu shi ne abin da baƙo zai dogara da shi. A can farashi yana manne a jikin kaya, harajin saye kashi 10 cikin ɗari ne a kan yawancin kaya tun Oktoban 2019, kuma an daɗe ana ɗauke wa baƙo mai fasfo wannan haraji idan sayayyarsa ta kai yen 5,000. Bai san kowa ba, kuma ba ya bukatar sanin kowa, takarda ta ishe shi. A Kano kuwa sai ka yi dogon layi ba ka ga farashi a rubuce ba, kuma kaya iri ɗaya a ido yana iya zama hawa uku a inganci. Abin da ke tsare baƙo a nan mutum ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. A zamanin fatauci, falke ba ya sauka a gari sai a gidan fatoma. Fatoman ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa. Yanzu otal-otal na Sabon Gari da gidajen baƙi na Fagge sun karɓe zancen ɗaki, amma sauran aikin yana nan daram. Ya dai koma hannun wani yaron kanti mai waya, wanda zai turo maka hotunan sabon kaya ta WhatsApp tun kana garinku, ya tare ka a bakin kasuwa, ya kai ka inda shi ma yake sara. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Duk abin da zan faɗa a wannan babi ba zai maye gurbin wannan yaro ba, sai dai ya taimaka wa mai karatu ya gane ko yaron na kirki ne.

Wapa

Wanda ya zo da kuɗin wata ƙasa, Wapa zai fara zuwa. Wurin ya gaji sunansa daga kamfanin jigilar alhazai da wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa a ƙarshen shekarun 1940. Inda mahajjata suka taru kuwa, dole a samu mai canza musu guzuri. Kamfanin ya zama tarihi, canji ya zauna. Yau babu kuɗin da ake ciniki da shi a wannan yanki na duniya da ba za a karɓa a Wapa ba: dala, yuro, fam, riyal, dirhami, yuwan, sefa.

Sefa iri biyu ce, kuma 'yan canji ba sa haɗa su. Ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Kamaru da Chadi daban, duk da cewa a hukumance darajarsu ɗaya, kowace yuro guda tana daidai da 655.957. A Wapa kowace da farashinta, gwargwadon yawan masu nemanta a wannan mako. Mutumin Maraɗi kuma ya kula da bakinsa, don a gida da dala da jika yake lissafi, dala ɗaya tana nufin faran biyar. In ya ce dala a Wapa, ta Amurka za a ɗauka.

Ka'idar wurin ba ta da yawa. A tambayi farashi a wuri biyu ko uku. A shiga ofis a zauna, kada a tsaya canji a bakin titi da wanda ya tare ka da gudu. In ta banki za a turo naira, kada ka miƙa naka sai ka ga kuɗin sun zauna a asusunka, ba saƙon waya kawai ba. Amfanin fara zuwa Wapa bai tsaya ga canji ba. Tun da gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, ɗan Kwari yakan duba wayarsa kafin ya yanke maka farashin shadda, kuma abin da yake dubawa farashin Wapa ne. Wanda ya san yadda dala ta kwana, ba za a yi masa barazana da ita a cikin kanti ba.

Kwari

Daga Wapa zuwa Kantin Kwari tafiyar 'yan mintoci ce. Kwari ba kasuwa ba ce mai katanga da ƙofa ɗaya. Unguwa ce sukutum da yadi ya cinye, benaye hawa biyu zuwa uku, kowanne ana ce masa gida ana haɗawa da sunan mai shi, a tsakaninsu layuka ne da 'yan tebura suka matse har mutum biyu ba sa jerawa. A ƙasa ana sayar da ɗai-ɗai, a sama ko can ƙurya sito ne da dilolin da ba sa kwance bandir. Sau da yawa mai babban jari shi ne wanda kantinsa ya fi kowanne rashin ado: tebur, kujera, littafi, sai yara masu jiran umarni.

A da Kwarori ne ke riƙe da wurin. Su ke karɓo yadi daga kamfanonin Turawa, su ba Hausawa bashi su kai ƙauye. Dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, da wadda ta ƙara mata ƙarfi a 1977, su suka ture baƙin daga cinikin kanti. Da yawansu suka koma kafa masana'antu, yaransu na jiya suka zama masu gida. Cikin waɗanda suka fi cin gajiyar wannan sauyi akwai Agalawa, zuriyar fataken da Alhassan Ɗantata ya fito daga cikinsu, mutanen da suka san yadi tun ana auna shi da kamu.

A wancan lokaci yawancin abin da ke kan kanta na gida ne. Kaduna tana da masaƙar KTL tun 1957, tana da UNTL, tana da Arewa Textiles wadda kamfanonin saƙa na Japan suka zuba wa jari ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960. Kano tana da Gaskiya da Bagauda da wasunsu. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Gurbin da suka bari kayan Sin ne suka cike shi. Da farko 'yan Kwari ne ke zuwa Dubai da birnin Gwanju na ƙasar Sin su saro, daga baya 'yan Sin ɗin suka biyo kayansu har Kano. A Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 45 daga cikinsu a cikin kasuwar, a 2015 kuma marina suka yi zanga-zanga har ƙofar fadar Sarki suna kukan rinannen yadin Sin ya kashe musu sana'a. Duk da haka kayan bai daina shigowa ba, saboda dalili guda da kowa ya sani: talaka yana iya yi wa iyalinsa kayan salla da shi.

Abin da wannan tarihi ya haifar wa mai saye shi ne, zane ɗaya yana zuwa hawa-hawa. Atamfar Holan ta gaskiya daga kamfanin Vlisco take, a garin Helmond, kamfanin da ke aiki tun 1846. Gezna ta gaskiya daga kamfanin Getzner take, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, tun 1818. Duk zanen da ya yi farin jini a cikinsu, ba a daɗewa sai ga kwaikwayonsa, sannan ga kwaikwayon kwaikwayon, kowanne da tambarinsa mai ƙyalli. Ni ban ɗauki wannan a matsayin laifi ga mai kanti ba matuƙar ya faɗi gaskiya, kuma yawancinsu suna faɗa in an tambaye su kai tsaye. Za ka ji ya ce, "Hajiya, wannan ta ɗaya ce, wannan mai bi mata ce, wannan kuwa ta yayi ce, wanki uku ta gama." Matsalar tana ga wanda bai san ana tambaya ba.

Mata masu haɗa lefe sun fi kowa iya gwaji. Za ta juya atamfa ta duba bayanta, don mai kyau launinta ya ratsa ciki da waje kusan daidai. Za ta karanta rubutun gefen zane ta gwada da na takardar da aka manna. Za ta murza gefe tsakanin yatsu ta ji ko auduga ce ko roba, ko kuma sitati ne aka cika don ya yi nauyi. A shadda za ta duba ko ƙyallin daga saƙa yake ko shafe ne. Wata ma har ɗan yawu za ta sa a yatsa ta goga ta ga ko zai zuba, mai kanti yana kallo ba zai ce komai ba, don ya san ya haɗu da gwana. Sai awo. Turmin atamfa yadi shida ne, kaftani da wando na babban mutum yadi biyar, in da babbar riga a ciki yadi goma. A sa a auna a gabanka. Ba zargi ba ne, al'ada ce.

Ga kuma 'yan ka-yi-na-yi. Su ne ke tarar baƙo tun daga bakin titi: "Alhaji, me ake nema? Shigo, akwai." Ba shi da kanti. Zai zaunar da kai a benci a kantin wani, ya ɓace minti goma, ya dawo da abin da ka siffanta, ya ɗora nasa a kai. Ana yawan zagin su, amma ni ina ganin zagin ya yi yawa. Mutumin da ya san inda kowane zane yake a cikin dubban kantuna, ya hutar da kai yawon awa biyu cikin rana, ai ya yi aikin da ya cancanci lada. Abin da ya rage ga baƙo shi ne ya san da wa yake magana. In turmi biyu zai saya, ribar yaron ba za ta karya shi ba. In sari ya zo yi, to ya nemi a kai shi gaban mai kayan, ya sallami yaron da la'adarsa a fili.

Ciniki kansa yana da ladabi, kuma wanda ya iya shi ya fi wanda ya iya faɗa samun sauƙi. Ba a fara tambayar kuɗi sai an gaisa, an tambayi kasuwa.

"Alhaji, barka da kasuwa. Wannan fa nawa kuka sa mata?"

Ya faɗa. Ka yi shiru kaɗan, ka sake juya kayan.

"A yi mana ragi, daga nesa muke."

"To, Malam, ka taya."

In tayin ya yi ƙasa, amsa ɗaya ce: "Albarka." Ba zagi ba ne, ba kuma kora ba ce, ƙofa ce aka bari a buɗe. Ka ƙara, ya rage, har a kai inda zai ce, "Kawo, na sallama. Allah ya sa a kashe lafiya." Daga nan magana ta ƙare. Wanda ya taya aka sallama masa sannan ya juya ya tafi, ya yi abin kunya, kuma a layin za a gane fuskarsa. Kada kuma a ɗauka ko'ina ake raba farashi biyu. Wurin dila ribar da ke kan turmi ƙarama ce ƙwarai, yawa yake ci, saboda haka wanda ya taya rabin kuɗi a can ya tona wa kansa asiri cewa bai san kasuwa ba.

Abin da ke ba ni takaici a Kwari shi ne yadda aka mayar da kowane taƙi kanti. Inda ya kamata mota ta wuce an gina, inda ruwa zai bi an gina. A Agustan 2022 ruwan sama ya shiga kasuwar ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Mai zuwa da damina ya tambayi inda aka ajiye dilar da zai saya, ya sa a kwance masa ɗaya daga ƙasa.

Singa

Singa ba wurin kallo ba ce. Tirela ce ke shiga, kura ke fita. Sukari, shinkafa, fulawa, taliya, madara, man girki, sabulu, alawa, duk a buhu ko a kwali. Daga nan kantunan unguwa na rabin Arewa suke cika kantarsu, kuma ba mamaki, tunda manyan masu sarrafa waɗannan kaya biyu, Aliko Ɗangote da Abdussamad Isyaka Rabi'u, duk 'ya'yan gidajen kasuwancin Kano ne. Wanda ke neman gwangwani ɗaya ya ɓata lokacinsa. Wanda zai yi biki, ko zai raba kayan azumi, shi ya zo gida.

A nan ne ma Japan ɗin da muka ambata take ɓoye a cikin kwalaye. Farin magin nan Ajinomoto da ke cikin miyar kusan kowane gida sunan kamfanin Tokyo ne da ya fara sayar da shi tun 1909, ya kafa reshensa a Najeriya a 1991. Kifin gwangwani na Geisha shi ma tambarin wani kamfanin Japan ne.  A Singa ragi kaɗan ne, kuma farashin safe ba lallai ya kai yamma ba. Abin dubawa shi ne ranar lalacewar kaya, da ɗinkin bakin buhu, ko na kamfani ne ko an sake shi.

Sabon Gari

A takarda sunanta Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan da ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983, wanda a zamaninsa aka yi mata ginin zamani. A baki kuwa kowa Sabon Gari yake cewa. In Kwari ta abu ɗaya ce, wannan ta komai ce: tukwane da kuloli da faranti na kayan ɗakin amarya, takalma, jakunkuna, akwatunan lefe, man shafawa da turare, kayan jarirai, kayan makaranta, agogo, labule, fitilu. Uwar amarya takan gama da Kwari da safe ta ƙarasa yininta a nan, don akwatin da za a zuba atamfar a ciki a nan yake.

Nan ne kuma Najeriya take haɗuwa da kanta. Bahaushe da Ibo da Bayarabe suna jere a layi ɗaya, wani kantin ma kakan mai shi ne ya fara buɗe shi. Za ka ji ɗan Nnewi yana ciniki da Hausar da ta fi ta wasu 'yan birni daɗi, ka ji Bakano yana kiran "Madam, zo ki duba." Unguwar ta ga tashin hankali a 1953 da 1966 da wasu lokuta bayan nan, mutane sun tafi, sun kuma dawo, don abin da ya haɗa su ya fi ƙarfin abin da ya raba su na ɗan lokaci. Wuta ma ta yi nata. Gobarar da ta tashi a daren 26 ga Maris 2016 ta cinye shaguna kusan 3,800 bisa ƙididdigar hukuma, wata guda kacal bayan wata gobarar ta ci wani ɓangare na Singa. Wanda ya san kasuwar kafin wannan shekara zai ga layuka da yawa sun sauya wuri.

Kewayen kasuwar ma kasuwa ne. 'Yankura ta kayan miya da nama da kifi ce, kuma nan matan kudu suke samun agushi da ogbono da manja da busasshen kifi irin na gida. Titin France na kayan wuta da famfo da na gini ne. Wajen Bata akwai masu littattafan makaranta. Titin Beirut na waya ne da kayanta, ko da yake babbar kasuwar waya tana can Farm Centre a Tarauni. Duk abin da ke aiki da wuta ko batir, a gwada shi a wurin, a karɓi rasit mai sunan kanti da lambar shago, a kuma ji daga bakin mai shi kwana nawa ya ba da in abu ya ƙi.

Abu ɗaya ya bar Sabon Gari, kuma ya kamata baƙo ya sani. Shekara da shekaru nan ce cibiyar sarin magani ta Arewa, a filin Malam Kato da titin Niger da cikin kasuwar kanta, ana tara magani a zafin rana kamar buhun gero. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu, aka umarci dilolin su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Mai kemis da ya zo sari, can zai nufa. Duk wanda ya ja shi lungu a Sabon Gari ya ce yana da shi da araha, to araha ba ta ado, balle a kan abin da mutum zai haɗiya.

Wanda ciniki ke gajiyar da shi yana da mafita. Akwai manyan kantuna masu sanyi da farashi a rubuce, irin su Sahad da Jifatu, akwai kuma rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a titin Zoo a 2014. Shoprite da ta buɗe a cikinsa ta rufe reshenta na Kano a Janairun 2024. An ba da dalilai na tattalin arziki, kuma gaskiya ne, amma ni ina ƙara wani: da wuya ka sayar wa Bakano sukari a kan kanta alhali ya san hanyar Singa.

Lokaci da kaya

Kasuwannin nan ba na asuba ba ne. Kwari ba ta cika sai hantsi ya ɗaga, kuma kafin magariba an fara ja da ƙofofi. Ran Juma'a ciniki yana tsayawa daga wajen ƙarfe ɗaya har a sauko masallaci, titunan da ke kewaye da masallacin Juma'a na Fagge kuma suna toshewa. Ran Lahadi shagunan Kiristoci da yawa a Sabon Gari a rufe suke. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe, ba a zirga-zirga sai ƙarfe goma. Goman ƙarshe na azumi kuwa, wanda ba dole ba kada ya shiga Kwari, don a ranakun ƙafarka ba ita ke tafiya da kai ba, jama'a ce.

Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, saboda haka a-daidaita-sahu ne abin hawa. Mai motar kansa ya ajiye ta nesa inda aka tanada, don 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirga ba sa jin "yanzu zan fito". Kuɗi kuma ba sai an cika aljihu ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai tebur yana karɓar turawa ta waya, masu POS kuma suna kowace kusurwa. A dai riƙe 'yan canji na ɗan dako da mai ruwa.

Ɗan dako a yi ciniki da shi kafin ya ɗora kaya a ka, a kuma bar mai kanti ya kira wanda ya sani. Yana da sauri fiye da yadda kake zato, in ka tsaya amsa waya sai dai ka hango dilarka tana shan kwana. Mai kaya da yawa ba ya tafiya da su. A nan cikin kasuwa ake ɗaure dila, a ɗinke ta da buhu, a rubuta suna da gari da lambar waya da babban alƙalami, a kai wa masu lodin garin da za ta. Mai tsallaka iyaka ya riƙe rasit ɗinsa saboda kwastan, ya kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin ya zuba kuɗinsa duka a kaya, don an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kuma a duka lokutan biyu akwai waɗanda kayansu suka yi watanni a sito. Motocin Katsina da na Nijar a Ƙofar Ruwa ake samun su, na Kaduna da Abuja a Unguwa Uku. Manyan motocin Legas da Onica da Aba kuwa daga New Road suke tashi, a cikin Sabon Gari, kuma da yamma suke tashi, saboda haka wanda zai bi su sai ya gama da Kwari kafin la'asar.